Jinin Gidan Boukari

"Ga kofi, ga tsinken awon ciki. Shiga bayi, mu muna nan muna jiran ki."

Hajiya Mamuna ce ke magana, tana tsaye a tsakar gidan su Hikma da hantsi, ta miƙo ɗan kofin roba kamar mai raba sadaka. Bayanta mata biyu ne 'yan rakiya, waɗanda ba abin da ya kawo su illa su gani da idonsu su kai gaba.

Gidan haya ne irin na Zangon Kumasi, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakiya. Nan take mai wanki ta bar wanki, mai suyar ƙosai ta rage wuta, kowa ta samu abin da za ta gyara a ƙofar ɗakinta.

Hikma ta dubi kofin, ta dubi matar da saura kaɗan ta zama surukarta.

"Hajiya, da girmanki da komai, ba zan shiga ba."

"Ei! Kun ji ko?" Hajiya ta juya ga 'yan rakiyarta. "Mai gaskiya tana tsoron kofi?"

Hajiya Mamuna gwaggon Suraj ce, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa. Gidansu tsohon gida ne a Zango, kakanninsu fataken goro ne daga Kano, kuma ba ta taɓa barin mutum ya tashi daga gabanta bai ji wannan tarihin ba. Ita kuwa Hikma tela ce, 'yar Baba Boukari kafinta, baƙo ɗan ƙabilar Moshi da ya shigo Kumasi yana saurayi da zarto ɗaya a kafaɗa. Tun ranar da Suraj ya ce ita yake so, Hajiya ke neman inda za ta kama.

Ta kuwa samu a asibiti. Kamar yadda aka saba yanzu, kafin a sa rana sai an yi wa masu aure awon jini, a duba sikila da sauransu. Hajiya ta ce ita za ta raka yarinyar, kuma a ƙara da awon maƙogwaro, tunda marigayiya uwar Hikma ta yi fama da maƙoƙo. Da sakamako ya fito sai ga abin mamaki: sinadarin da ɗan naman nan na gaban wuya ke zubawa cikin jini ya yi wa Hikma yawa, alhali sauran awon sun nuna naman lafiyarsa ƙalau yake aiki. Likitar, Dokta Fareeda, ta roƙi Hajiya ta ɗan ba su wuri, sannan ta yi wa Hikma tambayoyin da take yi wa kowace mace: kina da ciki? Kina shan ƙwayar tsarin iyali? Don waɗannan biyun suna ɗaga sinadarin ko da mutum lafiyarsa lau.

Hajiya kuwa ba nisa ta yi ba, tana liƙe da taga. Tambayoyin ta ji, ba ta tsaya jin amsa ba. Kafin Hikma ta sauka daga torotoro, motar haya, labarinta ya riga ta isa Zango.

"In tambaye ki, Hajiya," in ji Hikma. "In tsinken nan ya ce babu ciki, me za ki ce?"

"Sai in ce ƙwayar ce ta hana shi shiga mana. Dokta ai abu biyu ta faɗa."

"To kin gani. In ya nuna, na yi laifi. In bai nuna ba, na yi laifi. Ashe ba gaskiya kika zo nema ba, so kike in ɗauki fitsarina a hannu in ratsa tsakar gida mutane suna kallo. Wallahi ba zan yi ba, ko da Kumasi za ta taru a kaina."

"Ni kike faɗa wa haka? 'Yar mai fere katako?"

"Katakon halal ne, Hajiya. Da shi aka raine ni."

Wata daga cikin matan gidan ta ƙyalƙyale da dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari. Hajiya ta jefar da kofin, ta ja mayafinta.

"Muddin ina numfashi, Suraj ba zai kwashi ragowar wani ba. Kin ji na rantse."

Hikma ta jira har suka fice. Ta shiga ɗaki ta kifa kanta a kan gado ta yi kuka mai isarta. Ba zagin Hajiya ne ya fi yi mata ciwo ba. Tun ranar asibiti Suraj bai kira ta ba.

*

Da la'asar Suraj ya zo shagonta. Ta ji tsayuwar babur ɗinsa, ta ci gaba da taka keken ɗinki kamar ba ta san da shi ba. Ya rame, idanunsa sun yi ja, kuma duk da fushin da take ciki sai da tausayinsa ya kama ta. Haka so yake, ba ya da zuciya ko kaɗan.

"Hikma, ki tsayar da keken nan mu yi magana."

"Ina jin ka."

"Gida ya ƙi zaunuwa. Hajiya ko abinci ba ta ci. Chale, don Allah ki taimake ni. Minti nawa ne awon nan? Ki yi shi kawai, bakin kowa ya mutu."

Ta ɗage ƙafarta daga keken, ta dube shi sosai.

"Bakin kowa. Har da naka?"

"Ni ban ce komai ba."

"Shi ne ai. Ba ka ce komai ba koraa, ko kalma ɗaya. Ana yawo da sunana daga unguwar Alabar har bakin masallaci, kai kana zaune ba ka ce komai ba." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Suraj, tun muna makarantar dare ka san ni. Hannuna ka taɓa riƙewa? Ranar da ka gwada a bakin kasuwar Kejetia, me na yi maka?"

"Kin mare ni," ya faɗa a hankali.

"To wanda na mara a kan riƙe hannu, shi ne yau yake so in yi fitsari a kofi?"

"Ba haka ba ne! Wallahi ina son ki, Hikma, ina son ki kamar in mutu. Amma takardar asibiti ce, ba bakin Hajiya kaɗai ba. Na duba a waya, abin da dokta ta faɗa shi na gani. Me kike so in yi?"

"Ka faɗa mini abin da zuciyarka ta yarda da shi. Yanzu, nan, babu tsinke babu kofi. Ka dube ni ka ce, Hikma, ƙarya ake miki."

Ya buɗe baki. Ta zuba masa ido, tana roƙon Allah a ranta. Kalma uku kawai take nema, da ya faɗe su da ta bi shi ko asibitin ina ne, a ɗebi jininta har ya ƙare.

Sai ya sunkuyar da kai.

"Kaina ya kulle. Ban san abin da zan ɗauka ba."

Ta mayar da ƙafarta kan keke.

"Sai an jima, Suraj. Mai kayan nan gobe za ta zo karɓa."

*

Baba Boukari ya dawo daga shagonsa na unguwar Anloga da wuri ranar, garin katako har cikin gemunsa, ransa a ɓace. Shekarunsa a Kumasi sun fi na Hikma nesa ba kusa ba, amma Hausarsa har yau ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Hikma, zo nan. Ka san wa ya zo shago yau? Alhaji Bawah."

Ta san shi sarai. Dillalin kayan mota ne a unguwar Magazin, ya daɗe yana aiko mata da yadi tana mayar masa.

"Ya ce ya ji abin da ya faru. Ya ce shi ba ruwansa, ko da ciki ko ba ciki zai aure ka, ya rufa mana asiri." Baba ya yi ƙwafa. "Asiri! A gaban yarana na aiki ya faɗa. Guduma tana hannuna, Allah ne ya riƙe ni."

"Baba, ka yarda da abin da ake faɗa?"

Ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ni na haife ka. Wane irin tambaya ne wannan?"

Nan ta fashe da kuka, ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa. Abin da ta roƙa a bakin masoyinta ta rasa, ga shi tsoho ya ba ta ko tunani bai yi ba.

Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce, "Yanzu faɗa mini duk abin da dokta ya ce. Duka, ba rabi irin na Hajiya ba."

Ta share fuska. "Ta ce ba abu biyu ba ne kaɗai. Wasu magunguna suna sa haka. Wasu mutane kuma haka Allah ya yi jininsu, gado suke yi. Ta ce in ana so a sani, sai a auna uwa ko uba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Don ba na bin kowa bayani, Baba. Kuma na san ka da allura."

Duk Anloga an san wannan. Mutumin da zarto ya taɓa tsaga masa babban yatsa ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, amma in ya hango ma'aikatan rigakafi sai ya tuna yana da saƙo a can unguwar Oforikrom.



"Gobe da safe," in ji Baba. "Ka gaya wa dokta ya nemo ƙaramin."

*

Dokta Fareeda 'yar Zango ce ita ma, don haka da ta ji abin da tambayoyinta suka jawo sai ta dafe kai ta yi salati. Ta zaunar da Baba ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, ka san 'yan kaya na Kejetia? To a cikin jini ma akwai masu ɗaukar kaya. Sinadarin nan, yawancinsa a kansu yake, ɗan kaɗan ne ke sauka ya yi wa jiki aiki. Mai ciki, ko mai shan ƙwayar nan, masu ɗaukar kayanta ƙaruwa suke yi. Wani kuma da su aka haife shi da yawa, ko kuwa nasa sun fi riƙo. In muka ƙirga duka sai mu ga kaya sun yi yawa, alhali wanda ke sauka daidai yake. Shi ya sa Hikma ba ta rama, ba ta rawar hannu, zuciyarta ba ta gudu. Ba ciwo ba ne, ba ya son magani."

"Kuma ba maƙoƙon uwarsa ba ne?"

"Wannan daban, wancan daban."

"To ɗeba." Ya miƙa hannu, ya kau da kai bango, ya rufe ido gam, ya kama karanta duk surar da ta zo bakinsa. Har aka gama aka manna masa auduga yana nan yana karatu, sai da Hikma ta taɓa shi.

Bayan 'yan kwanaki suka koma. Dokta ta duba sakamakon, ta yi murmushi.

"Baba, naka ma har ya ɗara nata."

Tsohon ya karɓi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Da suka hau mota Hikma ta lura da yadda yake gyara zaman hularsa, ta san akwai magana.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gidan Hajiya Mamuna a cike yake kamar kullum, 'yan uwa da maƙwabta ana cin wake da shinkafa a tsakar gida. Baba Boukari ya yi sallama da farar rigarsa ta Idi, Hikma na biye da shi, kanta a ɗage.

Suraj ya miƙe da cokali a hannu.

"Hajiya, gaisuwa na kawo," in ji Baba. "Kuma na zo neman shawara, tunda an ce kai ne babban dokta na Zango."

"Malam Boukari, in rigima ka zo..."

"Babu rigima koraa. Suraj, karɓi wannan, kai ka yi sukuru, ka iya boko. Karanta wa mutane. Sunan wa ke sama?"

Suraj ya karɓa ya duba. "Sunanka ne, Baba."

"Abin nan da ya hau a jinin Hikma, a nawa yaya yake?"

Suraj ya daɗe yana kallon takardar. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Ya hau. Ya ma fi nata. Dokta ta rubuta a ƙasa cewa gado ne, ba ciwo ba."

Baba ya juya ga Hajiya, ya dafa tumbinsa da hannu biyu.

"To Hajiya, ni wata nawa ne nawa cikin? Ko ƙwaya nake sha ban sani ba? Kawo kofin naka, ina bayi yake?"

Wani dattijo ya ƙware da ruwa. Dariya ta ɓarke tun daga bakin murhu har zaure, mata suna riƙe ciki suna "Ei, Baba Boukari!" Hatta 'yan rakiyar nan biyu da suka je ganin ƙwaƙwaf sun fi kowa ɗaga murya. Hajiya Mamuna ta tashi fuu ta shige ɗaki.

Baba bai yi dariya ba. Ya jira wurin ya lafa, sannan ya ce, "Yarona maraya ne, uwarsa tana ƙasa. Kun ci namansa a kasuwa, kun ci a masallaci. Ni ba ni da gidan goro, amma ina da jini, ga shi na kawo muku. Wanda ya kai waccan magana wani gida, ya kai wannan ma."

Ya kama hannun 'yarsa suka fita. Hikma ta ji Suraj yana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba.

*

Ba a yi mako ba sai ga dattawan gidan su Suraj a ƙofar gidan haya, da ƙwaryar goro lulluɓe da farin ƙyalle. Sun zo ba da haƙuri, kuma a sa rana. An ce Hajiya da kanta ta zaɓi goron, ko da yake ba wanda ya ga fuskarta tun Juma'a. Aka shimfiɗa musu tabarma a waje, Baba ya zauna da su, Suraj kuma ya roƙi a bar shi ya ga Hikma.

Ya same ta a ƙofar ɗaki tana tsinke zare daga wata riga. Ya durƙusa a gabanta, a tsakar gidan nan da aka jefar da kofi, bai damu da masu leƙe ba.

"Na yi kuskure, Hikma. Na cuce ki, na cuci kaina. Ki yafe mini. Wallahi tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Hawaye yake yi sosai, ita ma nata suka zubo. Tana son sa. Ko yanzu da yake durƙushe, ji take kamar ta ce ya tashi, komai ya wuce.

"Na yafe maka, Suraj. Amma ina da tambaya, kuma kada ka yi mini ƙarya."

"Tambayi ko mene ne."

"Yaushe ka yarda da ni?"

Ta ga yadda ƙaryar ta zo masa har baki, ta ga yadda ya haɗiye ta. Wannan gaskiyar tasa na cikin abin da ya sa take son sa, yau kuma ita ce za ta yanka ta.

"Ranar Juma'a," ya ce. "Da na karanta takardar Baba."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na gode da ba ka ɓoye ba. To saura ɗaya. Mamata ta rasu. Da a ce Baba ma ya bi ta tun ina ƙarama, babu wanda za a ɗebi jininsa, yau ni wace ce a wurinka?"

"Hikma..."

"Ka amsa mini. Wannan jinin shi ne a jikina har in mutu, kuma wataƙila 'yar da zan haifa ta gaje shi. Ranar da aka tsayar da ita a tsakar gida da kofi, kai ne ubanta. Kanka zai kulle?"

Ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa na girgiza. Ta jira. Allah ya sani ta jira, har tana jin bugun zuciyarta a kunne.

Baba Boukari ya leƙo daga zaure, ya dubi saurayin a ƙasa, ya dubi 'yarsa.

"Hikma, mutane suna jira. Goro yana gabana. In karɓa?"

Suraj ya ɗago jajayen idanunsa yana kallon bakinta. Matan gida sun daina ko motsi.

Ta goge hawayenta da bakin mayafi, ta miƙe tsaye.

"Kada ka karɓa, Baba. Ka ce musu mun gode, su koma da shi. Jininka suka yarda da shi, ba ni ba."